Mantuwa a Bakin Mai Ita: Koken Masu Ciwon Karkarwa da Yadda A Ke Jinsa a Ƙasar Shagari da Boɗinga

Cikin shekarar 1817 wani likita na birnin Landan, mai suna James Parkinson, ya buga wani ɗan littafi inda ya siffanta mutum shida masu ciwo iri ɗaya: hannu na rawa ko da an ajiye shi, jiki ya sunkuya gaba, tafiya ta koma gajeren taku da sauri-sauri kamar ta mai bin abin da ya kuɓuce masa. Waɗansu daga cikinsu ma a kan titi ya gan su, bai duba su a ɗakin magani ba. Siffar jikin ta fito sosai a littafin, amma ya yanke hukunci cewa ciwon ba ya taɓa hankali. Sai bayan shekara hamsin da 'yan kai Jean-Martin Charcot, babban malamin likitoci a birnin Faris, wanda shi ne ya laƙaba wa ciwon sunan Parkinson, ya lura cewa in ciwon ya yi nisa tunani ya kan dushe, mantuwa kuma ta shigo. Duk da haka an daɗe ana ɗaukarsa ciwon motsi kurum, likita ya dubi hannu da ƙafa ya sallami mutum.

Yau an san abin ya wuce nan. A birnin Sidni na Ostireliya an bi sawun waɗansu masu ciwon tun daga farkon kamuwarsu, aka buga sakamakon cikin 2008: daga cikin waɗanda suka kai shekara 20 da ciwon, kashi 83 cikin 100 sun shiga gigi, watau lalacewar tunani wadda ta kai mutum ya kasa tafiyar da al'amuransa na yau da kullum. Wani bincike na 2010, wanda ya haɗa marasa lafiya fiye da dubu daga wurare dabam-dabam, ya nuna cewa ko cikin waɗanda ba su kai ga gigi ba, kusan ɗaya cikin huɗu yana da rauni kaɗan wanda gwaji ke iya kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta masu ciwon a duniya sun haura miliyan 8.5 cikin 2019.

To, tsakanin cikakkiyar lafiya da raunin da gwaji ke kamawa akwai wani zango wanda babu mai labarinsa sai mai ciwon kansa. Ya kan ji cewa kansa ba kamar da ba, alhali kuwa in an gwada shi ya ci gwajin. Cikin 2014 wata ƙungiyar masana a ƙarƙashin Frank Jessen na Jamus ta ba wannan zango suna da ƙa'idodi, aka fara ɗaukar koken mai ciwo a matsayin abin bincike. Tun kafin nan, ƙa'idodin da ƙungiyar likitocin cututtukan motsi ta duniya ta fitar cikin 2012 sun shar'anta cewa kafin a ce mai ciwon Parkinson yana da raunin tunani, sai an sami labarin raguwa daga bakinsa, ko daga bakin wanda ke zaune da shi, ko kuwa likita ya lura da ita. Ashe ke nan magana ta zama ɗaya daga cikin kayan awon likita. In kuwa magana ce, masu nazarin harshe suna da ta cewa, gama tambayar da aka tsara da Turanci a Landan ko Kanada, sa'an nan aka yi ta ga dattijo a Shagari, ta ratsa harshe biyu da al'ada biyu kafin amsarta ta koma kan takarda.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa

A can gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki mai duhun launi, wanda ƙwayoyinsa ke yin wani sinadari da a ke kira dofamin. Konstantin Tretiakoff ya nuna cikin 1919 cewa wannan yanki ne ke lalacewa ga masu ciwon. Ehringer da Hornykiewicz suka auna ƙarancin dofamin a ƙwaƙwalwar mamata a birnin Biyana cikin 1960. George Cotzias kuma ya nuna cikin 1967 cewa maganin lebodofa, wanda jiki ke juyawa ya zama dofamin, yana sakin jikin da ya sandare. Amma dofamin ba motsi kaɗai ya ke riƙe da shi ba. Hanyoyinsa sun kai har ga goshin ƙwaƙwalwa, inda a ke shirya aiki, a jera shi daki-daki, a riƙe abu biyu a lokaci guda. In ciwon ya daɗe kuma, dunƙulen furotin nan da Friedrich Lewy ya fara gani cikin 1912 ya kan bazu zuwa saman ƙwaƙwalwa, wani sinadarin na biyu mai suna asetilkolin shi ma ya ragu, daga nan ne gigi ke kusatowa.

Saboda haka mantuwar mai wannan ciwo, a farkonta, ta sha bamban da ta mai cutar Alzheimer. Mai cutar Alzheimer sabon abu ne ba ya zama a kansa. Ko an yi masa tuni, babu abin da za a tono. Mai ciwon Parkinson kuwa galibi abin yana nan ajiye, ɗaukowa ce ta yi wuya, da an ba shi bakin zaren sai ya kama. Tare da wannan akwai nauyin tunani, amsa ta daɗe kafin ta zo, da yankewar zance a tsakiya, da wahalar auna nisa da fasalin wuri. Wannan bambanci shi ne gindin abin da za a faɗa a gaba game da kalmomin Hausa.

Ciwon yana da 'yan'uwa waɗanda su ma ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali suna ɓata motsi. Akwai wanda George Huntington ya siffanta a Amurka cikin 1872, ciwon gado ne mai sa jiki fizge-fizge, masu shi kuma sun shahara da rashin ganin raunin kansu. Akwai wanda Steele da Richardson da Olszewski suka siffanta a Toronto cikin 1964, mai sa yawan faɗuwa ta baya da kasa duban ƙasa, wanda mutuwar zuciya da nauyin tunani ke zuwa da wuri a cikinsa. Akwai kuma gigin dunƙulen Lewy, inda ruɗewa ke riga karkarwa ko su zo tare cikin shekara guda. Ciwon Parkinson ya fi su yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa maganar za ta fi karkata gare shi.

A Nijeriya an fara ƙidaya gida-gida a Igbo-Ora, kusa da Ibadan, a zamanin Farfesa B. O. Osuntokun. Rahoton 1988 ya ba da mutum 67 cikin 100,000, alhali an sami 341 cikin 100,000 tsakanin baƙar fata na wata gunduma a jihar Misisifi ta Amurka da irin awon guda. Cikin 2008 Rufus Akinyemi da abokan aikinsa a Ibadan suka gwada masu ciwon, suka sami raunin tunani ga kimanin ɗaya cikin biyar, wanda ya ninka abin da aka samu ga tsararrakinsu masu lafiya sau da yawa. Daga Kano an buga bayanin masu ciwon da aka gani a asibiti cikin 2012, maza sun fi mata yawa ƙwarai. Cikin 2023 kuma wani babban bincike na ƙwayoyin gado, wanda yawancin masu ciwon da aka ɗiba a cikinsa 'yan Nijeriya ne, ya gano wani canji a ƙwayar gado ta GBA1 mai ƙara haɗarin ciwon ga mutanen da asalinsu Afirka ne. Ciwon dai ba baƙo ba ne.

Tambaya da amsa

Ƙaramar hukumar Shagari da ta Boɗinga kowacce ta haura mutum 150,000 a ƙidayar 2006, yawancinsu manoma da makiyaya, Hausawa da Fulani. Dattijon da hannunsa ya fara rawa a can, in har an kai ga neman likitan jijiyoyi, hanyar da ta ratsa Boɗinga zai bi zuwa Sakkwato, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Ya kan zo da ɗansa ko ƙanensa, ba shi kaɗai ba. Abin da ya kawo shi kuwa karkarwa ce, ko makyarkyata, ko nauyin ƙafa. Ba safai zai kawo maganar mantuwa da kansa ba, don a ganinsa wannan rabon tsufa ne, ba abin kai wa likita ba. Sai an tambaye shi.

A nan ne wahalar farko ta ke. In aka ce masa, "Baba, yaya jiki?" amsa ɗaya ce, "Da sauƙi," ko da kuwa ɗauko shi aka yi. Gaisuwa ce, ba rahoto ba, kowane Bahaushe ya san haka. Wahalar da ba a faye lura da ita ba tana cikin kalmomin da mai fassara ke ɗauka ya ɗora a kan na Turanci. Takardun tambaya da a ke amfani da su a duniya, irin mai tambaya 39 da aka shirya a Okusfod cikin 1995, da mai tambaya 30 ta 2006, da babban ma'aunin da aka sabunta cikin 2008, duk suna tambaya a kan tunawa da tunani da tattara hankali. Kowace ɗaya daga cikin kalmomin nan uku tana da tarko a Hausa.

A ɗauki tunani. Daga tuna ya fito, kamar tuni da tunatarwa da tuntuni, saboda haka saiwa ɗaya ta ɗauki tunawa da nazari duka biyu. Amma a bakin mutane tunani ya fi nufin damuwa. In aka ce tunani ya yi wa mace yawa, ba a nufin ta zama mai zurfin nazari, ana nufin baƙin ciki na cin ta. To, wanda aka tambaya ko yana da matsalar tunani, in ya ce i, me ya amsa? Mai yiwuwa ne bashin taki ya ke nufi, ko auren 'yarsa da ya rasa kayan ɗakinsa. Mai cika takarda ya sa alama a gurbin raunin ƙwaƙwalwa, alhali labarin damuwa aka ba shi. Abin mamaki shi ne wannan kuskure ya faɗa daidai kan wata matsala da likitocin Turai su ma ke fama da ita: bincike da yawa sun nuna cewa koken mantuwa ya fi tafiya tare da baƙin ciki da fargaba bisa ga yadda ya ke tafiya da sakamakon gwaji. Baƙin ciki kuwa ɓangare ne na ciwon Parkinson kansa, ya kan ma riga karkarwa zuwa. Abin da Turanci ya raba da kalmomi biyu sa'an nan ya sha wuyar rabawa a asibiti, Hausa ta haɗe shi tun a kalma. Wannan bai sa amsar ta zama banza ba, sai dai tilas a bi ta da tambaya ta biyu.

Hankali ya fi haɗari. Kalmar daga Larabci ta ke, ta kuwa ɗauki nauyin mutunci. Maras hankali zagi ne, taɓin hankali hauka ne. Dattijon da a ke kawo wa shari'ar gona da sulhun aure ba zai yarda a gaban ɗansa cewa hankalinsa ya ragu ba, kuma yana da gaskiya, gama abin da kalmar ke nufi a wurinsa bai ragu ba. Ƙwaƙwalwa ma ba ta tsira ba, tun da ciwon ƙwaƙwalwa ya zama lafazin sakaya hauka. Duk tambayar da ta ɗauko ɗayan kalmomin nan biyu, amsarta a'a ce tun kafin a gama ta.

Saura mantuwa, ita ce mafi aminci, ita ce kuma mafi wadata. Akwai manta da mance. A tsarin aikatau na F. W. Parsons na 1960 na farko aji na 1 ne, na biyu aji na 4 mai nuna ƙarewar aiki ƙaf, ko da ya ke a bakin mutane da yawa bambancin ya dushe. Akwai sha'afa, mantuwa ta ɗan lokaci wadda mutum ke farga daga baya. Akwai shagala, inda wani abu ne ya ɗauke hankali. Akwai rafkana, wadda ta fi zama a bakin malamai game da salla. Akwai makuwa da ɗimuwa, na ɓacewar gabas da yamma a wurin da aka sani. Can ƙarshe akwai ruɗewa da gigin tsufa. Takardar tambaya tana da gurbi ɗaya, i ko a'a, harshen kuwa ya riga ya rarraba abin gida-gida, rabon nasa kuma bai yi nisa da na likitoci ba: shagala da rafkana suna wajen tattara hankali, makuwa tana wajen fasalin wuri, sha'afa tana wajen ɗauko abin da ke ajiye.

Ginin jimla ma yana da abin faɗi. Bahaushe ya kan ce "na manta sunansa," ya sa kansa a matsayin mai aikatawa. Ya kan kuma ce "sunansa ya kwanta mini," ko "ya ɓace mini," ko "ya shige mini," inda sunan ne ya yi aikin, mai magana kuwa abin ya auku gare shi ne. Waɗannan ba ɗaya ba ne. Abin da ya kwanta yana nan, tashinsa a ke jira, shi ya sa a kan bi shi da "yana bakina." Wannan kuwa ita ce ainihin siffar mantuwar farkon ciwon Parkinson kamar yadda aka bayyana a baya. Ba za a ce likita ya yanke hukunci da karin magana ba, gama mai lafiya ma suna ya kan kwanta masa. Amma mai fassarar da ya mai da dukansu kalma ɗaya ta Turanci ya zubar da abin da maras lafiya ya kawo kyauta. Haka kuma "na manta" da "na kan manta" da "ina yawan mantuwa" da "na zama mantau" matakai ne na yawan aukuwa, waɗanda takardar tambaya ta 1995 ke nema da lamba daga 0 zuwa 4.

Ga kuma shirun da ba mantuwa ba ne. Cikin tambayoyin da a kan gwada tsoho da su akwai sunan 'ya'yansa da na matarsa, da shekarunsa, da kwanan wata. A ƙasar Hausa, balle tsakanin Fulani, uwa ko uba ba su kama sunan ɗan fari, mace ta dauri kuma ba ta faɗin sunan mijinta. Tsohuwar da aka ce ta faɗi sunan babban ɗanta ta sunkuyar da kai, kunya ta yi, sunan bai ɓace mata ba. Shekaru kuwa da yawa ba su riƙe su da lamba, sai da abin da ya auku: zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, ko shekarar samun mulkin kai ta 1960, ko canjin hannu na 1972, ko shigowar naira cikin 1973. Wanda bai san ko watan Maris a ke ciki ba yana iya sanin kwana nawa ya rage a ga watan Azumi, da ranar da kowace kasuwa ta kewayensa ke ci.

Fuska ma tana ruɗin mai tambaya. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma wannan ciwo ya kan daskarar da naman fuska, ƙiftawar ido ta ragu, murya ta yi ƙasa, amsa ta yi jinkiri. Mai kallo sai ya zaci mutumin bai gane ba, ko ransa a ɓace ya ke, ɗan rakiya kuma ya yi sauri ya amsa a madadinsa. Da an jira kaɗan da amsar ta zo, daidai kuwa.

Gwajin da a ke auna koken da shi yana da nasa cikas. Wanda aka fi amfani da shi ga masu wannan ciwo shi ne na Montreal, wanda Ziad Nasreddine ya buga cikin 2005, mai maki 30. Ana sa mutum ya zana agogo, ya kwafi hoton akwati, ya faɗi sunan dabbobi uku daga hoto, watau zaki da karkanda da raƙumi, ya riƙe kalmomi biyar waɗanda a asalin Turancin akwai karan-miski da coci da wani furen Turai a cikinsu, ya kuma kawo kalmomi masu farawa da harafin F cikin minti ɗaya. Mutumin Shagari ya fi mutumin Montreal sanin raƙumi, amma karkanda fa? Harafin F kuwa abin dariya ne a ƙasar da a ke cewa hwara da tahiya da lahiya, ga wanda karatunsa na allo ne ba na boko ba. An tanadi ƙarin maki ɗaya ga wanda bai wuce shekara 12 a makaranta ba, sai dai maki ɗaya ba ya cike ratar da ke tsakanin wanda ya saba da fensir da wanda bai taɓa riƙe shi ba, balle hannun na rawa. Akwai gyara da aka yi. Binciken haɗin gwiwa na Ibadan da Indiyanafolis, wanda aka fara cikin 1992, ya yi amfani da wata hira da aka tsara don waɗanda ba su yi boko ba, mai ɓangare biyu, ɗaya na tsohon ɗaya na danginsa. Olusegun Baiyewu da abokansa suka fito da gwajin jera tsinken ashana a maimakon zane cikin 2005. Irin wannan hira ce aka yi aiki da ita a Zariya a binciken gigin tsufa da aka buga cikin 2011.

Ma'aunin da ke hannu tun da

Mai neman tambayar da za ta ratsa kunya ta kai ga gaskiya ba sai ya je nesa ba. Ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa, ƙanensa Abdullahi kuma a Boɗinga, ƙasa ce da aka daɗe ana karanta hukuncin mantuwa. Littafin Ahalari, wanda ɗalibi ke farawa da shi, ya ba da babban kashi ga rafkanuwa a salla, da inda a ke ƙabli da inda a ke ba'adi. Risala kuma ta ware hukuncin wanda shakka ta aure shi, tana zo masa kullum. Watau mutum yana da aiki mai jeri, mai ƙidaya, wanda ya ke yi sau biyar a yini tun yana yaro, yana kuma da sunan kuskuren da sunan gyaransa, babu abin kunya a faɗinsu. In aka ce, "Baba, ba'adi ya ƙaru gare ka bana bisa ga bara?" an tambayi tattara hankali da riƙon jeri, an kuma sa ma'aunin lokaci, ba a taɓa mutuncin kowa ba. Mahaddaci kuma ya san ko tilawarsa ta fara sarƙewa a wuraren da ayoyi suka yi kama da juna, ya san ko in an ɗora shi a kan kalma ɗaya ya kan wuce.

Haka sauran ayyuka. Mai sai da albasa ya san ko lissafin buhu da canji ya fara gagararsa. Uwar adashi ta san ko ta fara ruɗewa a kan wadda ta zuba da wadda ke da kwasa. Mai tuwo ta san ko ta fara sa gishiri sau biyu, ko ta tsaya tsakar gida ta rasa abin da ta fito ɗauka. Ana iya tambayar mutum ko ya kan tsaya da tafiya in zai yi magana, gama haɗa biyun na daga abin da ke fara wuya. Ana iya tambayarsa ko ya taɓa yin makuwa a hanyar gonarsa. Akwai kuma tambaya ɗaya da ba a samun amsarta sai an sassauta murya: ko ido na yi masa gizo, ya ga mutum ko dabba a gefen ɗaki alhali babu kowa. Wannan sananne ne a ciwon in ya daɗe, magani ma ya kan jawo shi, alama ce kuma mai nauyi ga likita, amma mai shi ya kan ɓoye don kada a ce iska ce.

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, wannan gaskiya ne a farkon al'amari. Wani bincike da aka yi a Italiya, aka buga cikin 2014, ya nuna cewa sababbin kamuwa waɗanda suka yi koken mantuwa alhali gwajinsu lafiya lau, sun fi sauran shiga raunin da gwaji ke kamawa bayan shekara biyu. Amma in ciwon ya yi nisa, sanin yoyon ma ya kan tafi. Koken mai ciwo ya ragu daidai lokacin da na iyalinsa ke ƙaruwa. Don haka ne a ke son a ji bakin biyu, a kuma dubi ratar da ke tsakaninsu: in shi ke kuka su ba su ga kome ba, a fara duban damuwa da barci, in su ke kuka shi yana cewa lafiya lau, abin ya fi ban tsoro. A gidan Bahaushe wanda ya rako shi asibiti sau da yawa ɗa ne mai zama a birni, wadda ta san dare da ranarsa kuwa tana gida. Ita ce ta san ko yana faɗa da naushi cikin barci, abin da ya kan riga karkarwa da shekaru. Ko ta zo ma, ba za ta faɗi raunin maigida a gabansa ba, sai an keɓe ta, an kuma sami mace ta tambaye ta.

Dalilin da ya sa a ke son jin koken da wuri shi ne waɗansu sanadinsa suna da magani. Na farko maganin karkarwar kansa. Akwai wani tsohon magani mai araha, benzeksol, wanda aka fi sani da sunan Artane, yana rage rawar hannu amma aikinsa shi ne toshe asetilkolin, sinadarin nan da tunawa ke bukata. Ga tsoho ya kan kawo mantuwa da ruɗewa da gizon ido, in likita ya janye shi sannu-sannu kuma su kan lafa. Tun da lebodofa ya fi shi tsada, kuma shansa na kullum ne, mai ƙaramin ƙarfi ya kan koma ga mai arahar. Ba a yanke ɗayansu farat ɗaya, wannan aikin likita ne. Baƙin ciki, da rashin barci, da faɗuwar awon jini in an miƙe tsaye, da ƙarancin bitamin B12, da raunin ji, kowanne yana iya sa mutum ya ji kansa ya toshe. Ga wanda ya riga ya shiga gigi kuma akwai ribastigimin, wanda babban gwaji na 2004 ya nuna yana taimakawa gwargwado, ko da ya ke ba ya tsai da ciwon.

Malaman da ke koyar da Hausa da fassara a kwalejojin horon malamai, ɗalibansu ne ke zama masu fassara irin waɗannan takardu da masu cika su a ƙauye. Al'adar da a ke bi ita ce a fassara zuwa Hausa, wani ya mayar zuwa Turanci, in sun dace a ce fassara ta yi. Kalmar tunani za ta wuce wannan jarrabawa sumul, gama mai mayarwa ɗan boko ne kamar mai fassarawa. Abin da zai kama ta shi ne a karanta wa tsofaffi goma tambayar a Shagari, da karin harshensu na munka da sunka, sa'an nan a ce kowa ya faɗi abin da ya ji an tambaye shi. Ya kamata kuma a bar fili a ƙarƙashin kowane gurbi, a rubuta amsar yadda ta fito daga baki, ko "ya kwanta mini" ce ko "na mance ƙaf," tare da sunan aikin da mantuwar ta ɓata da lokacin da aka fara lura, don likitan da zai ga mutumin bayan wata shida ya sami abin gwadawa.